Algaitar da Na Kulle a Adaka

An haife ni a Maradi a shekarar 1974, a unguwar Bagalam, kuma bayan kiran salla babu sautin da kunnena ya fara riƙewa kamar busar algaita. A daren Juma'a, idan iska ta juyo ta wajen gidanmu, mukan jiyo kakaki da algaita da ganguna daga ƙofar fada, ni kuwa sai in sulale daga shimfiɗa in tsaya a zaure ina saurare har sanyi ya kore ni. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ɗan kasuwa ne mai sayo atamfa da shadda ta hanyar Jibiya, kuma a wurinsa kiɗa sana'ar maroƙa ce, wadda ɗan gidan mutunci zai yi wa kyauta amma ba zai kusance ta ba. Kakata ce kaɗai take biye mini. Ita ta gaya mini cewa wannan busa ta girmi garin da muke ciki, domin ta zo ne tare da Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadi ya ci birnin, abin da na karanta daga baya cewa a 1807 ya faru. Ta ce ko da ambaliyar 1945 ta rushe tsohon gari a bakin gulbi har aka hauro tudu, an yi asarar gidaje da rumbuna, amma makaɗa ba su bar ko take ɗaya a cikin ruwa ba. Wannan magana tata ce ta dawo ta fi ci mini rai bayan shekara arba'in.

Na yi lakwal a Maradi, na wuce Yamai don karatun gaba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kasuwar mahaifina ta girgiza, kuɗin da yake aiko mini ya yanke. Na bar aji na shiga bin wasu masu ɗaukar hoton talabijin, ina naɗe musu waya ina ɗaukar ƙafar kyamara, har suka fara bari in leƙa ta cikinta. Shekara biyar na yi a haka kafin Allah ya ba ni gurbin koyon aikin fim a Faransa a 1999.

A birnin Liyon aka haɗa ni da wani ƙaramin kamfani da ba ya ɗaukar komai sai kiɗan kilasik, wato kiɗan da Turawa suka gada a rubuce, wanda makaɗa tamanin ko ɗari suke zama su yi a ƙarƙashin jagora ɗaya mai 'yar sanda a hannu. Ranar farko da na shiga zauren ina riƙe da waya, ban san me zan ji ba. Makaɗan suka zazzauna, masu goge manya da ƙanana a gaba, masu busa a tsakiya, masu ƙahonnin tagulla da ganguna a baya, aka yi tsit. Sai wani mutum ya ɗaga wata baƙar sarewa siririya ya busa sauti ɗaya mai tsawo, sauran duka suka shiga daidaita kayansu da shi. Tsigar jikina ta tashi, domin muryar algaita na ji, an dai lausasa ta. Da na tambaya aka ce mini sunanta obuwa, kuma bakinta ɓawon kara ne guda biyu da suke kaɗawa idan iska ta ratsa tsakaninsu, daidai yadda bakin algaita yake. Ita ce take ba da sautin da suke kira La, wanda duk taron yake bi kafin a fara. A wannan dare ban yi barci ba, ina tunanin cewa 'yar'uwar abin da aka hana ni kusanta a gida ita ce ake jira ta yi magana kafin mutum ɗari su motsa.

Ɗaukar irin wannan kiɗa aiki ne na lissafi. Mai ba da umarni ba ya jira ya ga wanda zai busa sannan ya juya kyamara, domin kafin ya juya an wuce wurin. Tun kwanaki kafin wasa ake zama da takardar kiɗan, a bi ta gaɓa-gaɓa, a rubuta a gefe cewa a gaɓa kaza kyamara ta uku za ta kasance kan hannun mai molon tsaye, a gaɓa kaza ta biyar ta koma kan fuskar jagora. Ranar wasa akwai mutum guda da ba shi da aiki sai ƙirga gaɓoɓin nan da murya a kunnen masu kyamara. Na yi shekara biyu ina koyon karanta wannan rubutu da dare, har na kai matsayin da ni ne mai ƙirgar, daga baya kuma aka fara ba ni ƙananan wasanni in jagoranci ɗaukarsu.

A wannan kamfani ne kuma na haɗu da aikin da ya zama sana'ata ta biyu, wanda ni nake kira taɓa-ka-ji. Ana sa wa kowane rukunin makaɗa makirfo nasa, a naɗi sautinsa daban, sannan a gina hoton yadda yaro zai sa linzamin kwamfuta ya taɓa mai ƙaho, sai duk sauran su yi shiru ya ji ƙahon shi kaɗai, ya sake taɓawa su dawo. Mun fara yin haka a faifan CD-ROM, wanda bai wuce megabayit 700 ba, saboda haka dole a matse hoto har ya dusashe. Da DVD ta zo sai muka samu sarari, domin tana ba mai kallo damar zaɓar kusurwar kyamara har guda 9. Na ga yaran makaranta suna cire goge su mayar, suna dariya, kuma cikin awa ɗaya sun gane abin da ni na yi wata shida ban gane ba. Tun a lokacin na ƙudurta cewa sai na yi wa kiɗan fadar ƙasarmu irin wannan aiki, domin yaranmu suna jin sa ne a dunƙule kamar hayaniya, ba su san cewa algaita magana take yi ba, kuma ganga amsa mata take yi.

Na dawo gida a 2008 da kyamara biyu da 'yan kuɗin da na tara. Da na yi wa mahaifina bayani sai ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Kai yanzu duk tafiyar nan da ka yi, maroƙa za ka dawo ka bi?" Na ce, "Baba, tarihinmu ne a bakinsu." Ya ce Allah ya sa alheri, bai ƙara tayar da maganar ba har ya rasu.

Makaɗan da na yi aiki da su na wata fada ce a yankinmu, kuma shugabansu dattijo ne mai busa algaita wanda a lokacin ya haura shekara saba'in. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗana. Kumatunsa sun saki saboda shekarun da ya yi yana cika su da iska, domin mai algaita yana shaƙa ta hanci a daidai lokacin da kumatunsa suke tura iskar da ya tara, shi ya sa busar ba ta yankewa. Na zo masa da tsarin da na koya, cewa kowa zai shiga ɗaki shi kaɗai ya yi nasa in naɗa, daga baya in haɗa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, wa zan yi wa magana a ɗakin? Algaita ba ta zance da bango." Ya ƙara da cewa akwai taken da ba ya busawa sai mai shi yana zaune, akwai kuma wanda ba a busawa sai ranar naɗi ko ranar da sarki ya kwanta dama. Duk ilimin takarda da na zo da shi bai yi mini amfani a nan ba, domin babu gaɓar da zan ƙirga, kuma take ɗaya zai iya yin minti biyu yau gobe ya yi minti bakwai, gwargwadon wanda ake yi wa da abin da ya faru a ranar.

Sai da muka yi kusan shekara muna neman hanya. Aka nemi izini a fada, aka ba mu cikin mutunci. Muka riƙa fita bayan gari da asuba a lokacin sanyi, kafin iska ta tashi, in jera su a fili da tazarar taku goma sha biyar tsakanin kowa, yadda za su ga juna su ji juna amma makirfon kowa ya fi kama nasa. Kakaki ne ya fi wahalar da ni, domin tsawonsa ya fi mutum kuma ƙararsa tana shiga kowane makirfo, sai da muka juya bakinsa ya kalli daji. Bayan kowane take sai in zaunar da Baba a gaban kyamara ya faɗi da baki kalmomin da algaitar ta faɗa, ya gaya mini na wane ne, da abin da mai shi ya yi har aka yi masa. Daga 2010 zuwa 2012 mun naɗi take 43. Wasu daga ciki ya ce mini rabonsa da busa su tun yana bin mahaifinsa, kuma ko 'ya'yansa bai koya wa ba saboda masu su sun daɗe da rasuwa, babu wanda zai ba da ko dala a kansu.

Na sayar da filin da na gada na gina aikin a kan Flash, manhajar da kusan duk mai irin wannan sana'a yake amfani da ita a intanet a wancan zamani. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mutum zai taɓa Baba sai ganguna su ja baya, kalmomin taken su riƙa fitowa a ƙasa da Hausa da Faransanci daidai da busar. Na nuna shi a Yamai, na kai shi Wagadugu a lokacin bikin finafinan Afirka na FESPACO na 2015 ina buɗe wa mutane a kwamfutata, aka yaba mini ƙwarai, kuma yabon ya shiga kaina. Abin da na ƙi dubawa shi ne cewa mutanen da na ce don su na yi ba su da kwamfuta. Waya ce a hannunsu, Flash kuwa ba ta buɗewa a yawancin wayoyi.

Sau ɗaya Baba ya ga aikin. Na kai masa har gida, ya sa yatsa ya taɓa hotonsa, ya ji kansa shi kaɗai, ya yi murmushi ya ce ashe haka numfashinsa yake. Da zan tafi sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka sa mini a ɗan memorin nan na waya, yara su riƙa ji." Na ce masa to, zan kawo. Ban kai ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Tsoro nake yi kada ya faɗa hannun masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa, su raba wa duk gari a kan dala ashirin, alhali ina fatan wata cibiya a waje za ta saya in mayar da kuɗin filina. Ya sake tambaya sau biyu ta bakin ɗansa, ina cewa ana gyara. Busarsa ce, numfashinsa ne, gadon gidansu ne, amma na riƙe kamar ni na haife shi.

Cibiyar da nake jira ba ta zo ba. Bashi ya taru, na koma ɗaukar bukukuwan aure da tarurrukan ƙungiyoyi don in ciyar da gida. A 2017 masu Flash suka sanar cewa za su daina ta a ƙarshen 2020, wato sun ba kowa fiye da shekara uku ya kwashe kayansa, kuma na karanta sanarwar da idona na ce akwai lokaci. A 2018 Baba ya rasu. Na je jana'iza, na zauna zaman makoki, ɗansa bai ce mini komai game da memori ba, ni ma ban ce ba.

Asalin hotunan da sautukan, waɗanda ba a matse ba, suna cikin rumbun ajiya na kwamfuta guda biyu. A Faransa an koya mini cewa kwafi biyu a ɗaki ɗaya kwafi ɗaya ne, amma na sa su duka a adaka guda, a ɗakin ƙasa da nake aiki a ciki, domin ban yarda in bar ɗaya a gidan kowa ba. Daminar 2020 ta zo da ruwan da jihar Maradi ta daɗe ba ta ga irinsa ba, gidaje da yawa suka faɗi. Ina wani ƙauye wajen aiki aka kira ni cewa bangon ɗakin ya zauna cikin dare. Alhamdu lillahi babu wanda yake ciki. Sai bayan kwana biyu muka tono adakar, ta lotse, laka ta cika ta. Na kai rumbunan Yamai, daga baya na aika da su Kano, kowa ya duba ya ce faifan ciki ya lalace. A watan Janairu na 2021 na buɗe shafin aikin a intanet, sai na tarar da fili babu komai.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su, amma saboda su nake wannan rubutu. Na daina fita sai masallaci, daga baya ko masallacin sai in jira a watse. Abinci ya fita raina, hawan jini ya kama ni, na sayar da kyamara ɗaya ba don ina bukatar kuɗin ba sai don ba na son ganinta. Idan na jiyo busa daga nesa sai in rufe taga. Mutane suna yi mini jajen ɗaki da kaya, ina amsawa, amma babu wanda ya san cewa abin da yake cina shi ne muryar dattijon nan yana cewa yara su riƙa ji. Da na ba shi, da yanzu take 43 suna cikin wayoyi ɗari a garin nan, kuma da ruwa bai same su ba. Kakata ta ce makaɗa ba su bar take ɗaya a ambaliyar 1945 ba, ni kuwa da kyamarori da ilimin Turai na bar su duka a ƙarƙashin bango ɗaya.

Maiɗakina ce ta gaji da shirun. Wani dare ta zauna kusa da ni ta ce, "Malam, kaya ne suka lalace ko akwai wani abu?" Na gaya mata komai, har da ƙaryar da na yi ta cewa ana gyara. Ba ta rarrashe ni da cewa ba laifina ba ne. Ta ce, "To haƙƙi ne a kanka, kuma mai shi ya bar magada. Zaman ɗaki ba zai sauke shi ba." Sai da na yi mako biyu ina ɗaga tafiyar kafin na iya zuwa.

Na sami ɗan Baba a ƙofar gida yana gyaran bakin algaita. Ya girme ni da 'yan shekaru, saboda haka Yaya nake ce masa. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya tun daga farko, na nemi gafara. Ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa, sannan ya ce tsohon ya gane tun tambaya ta biyu cewa ba za a kawo ba, shi ya sa ya hana a sake tambaya, ya ce kada a kunyata yaron. Wannan ya fi mini zafi fiye da a ce ya zage ni. Ya ce shi ya yafe nasa, na tsoho kuma in riƙa yi masa addu'a. Daga nan ya tambaye ni ko babu abin da ya rage ko kaɗan.

Tambayarsa ce ta sa na koma bincike. Wani ɗalibi mai karatun kwamfuta a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ɗan maƙwabcinmu, ya bayyana mini cewa rashin buɗewar shafi ba ya nufin abin da ke cikinsa ya ɓace, kuma ana iya fasa ƙunshin Flash a ciro sautin da aka cusa a ciki. Matsalar ita ce ban taɓa ɗora aikin gaba ɗaya a intanet ba, saboda wannan tsoron nawa na kada a kwafa. Samfuri kawai na sa. Muka yi wata guda muna tono a shafin da cikin wata tsohuwar kwamfuta da na taɓa tafiya da ita Wagadugu, muka samo take 11 cikakku, da guntayen wasu 6, dukansu a matse, sautin ya ɗan shaƙe. Bayanin bakin Baba kuwa na take 4 kawai ya tsira. Ranar da muka gama ban kwana da su ni kaɗai ba. Na sayi memori biyar, na kai wa Yaya biyu, na kai ɗaya fada, ɗaya wajen ƙanwata a Tasawa, na kuma je bakin kasuwa da ƙafata na ba wani mai tura waƙoƙi na ce ya ba duk wanda ya tambaya.

Yanzu muna sake gina taɓa-ka-ji ɗin yadda zai buɗe a ƙaramar waya ko babu intanet, kuma ɗalibin ne yake rubuta manhajar, ni ina kula da hoto da sauti. Mun koma fili da asuba da kyamarar da ta rage mini, Yaya ne a tsaye a wurin da mahaifinsa yake tsayawa. Cikin take 43 ya san 24 da ka, kuma mun sake naɗar 19 daga cikinsu zuwa yanzu. Duk ranar da muka naɗa, kafin in koma gida sai na zuba masa nasa a waya, kuma mun rubuta takarda a gaban shaidu cewa sautin nasu ne, ni aikin hoto kawai na mallaka. Akwai take 13 da babu su a kansa, babu su a abin da muka tono, kuma mun zagaya wajen tsofaffin mabusa a Tibiri da wasu garuruwa biyu ba mu sami wanda ya riƙe su ba.

Cikin guntayen nan 6 akwai ɗaya da Yaya bai taɓa ji ba sai a wayata, na wani basarake da ya rasu tun kafin a haife shi. Daƙiƙa 52 ne, sautin yana yankewa a tsakiyar magana. Ya sa ɗansa ɗan shekara 14 ya zauna kusa da shi, suna sake kunnawa suna bi, har su biyun suka iya shi. A makon jiya na je na same su suna busa shi a zaure, kuma da suka kai daidai inda naɗin ya yanke sai dukansu suka sauke algaita. Yaron ya tambayi mahaifinsa ko ya ƙarasa da abin da ya ga ya dace, shi kuwa ya ce a'a, a bar shi nan tukuna, akwai wani tsoho a wajen Madarumfa da aka ce ya taɓa bin kakansa, za mu je wurinsa ranar Asabar.